Zannuwan Inna Kulu a Ɗakin Ajiyar Takardu

Kun gan shi, kada wani ya ce mini bai gan shi ba. Shekara ashirin da yin ritayarsa, amma kowace Litinin Baba Ɗan'auta sai ya tura kekensa zuwa bayan sakatariya, da tsintsiya da ƙunshin ganyen darbejiya, ya buɗe ɗakin ajiyar tsofaffin takardu ya share. Kuna zaune a bakin titin Birnin Kudu kuna shan rake, kuna cewa rigimar tsufa ce. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da ke ciki.

Ni na shiga, amma da almakashi. Ranar Lahadin da nake ba ku labari ina tsaye a ɗakinsa da buhun tsummokara a hannu, shi kuwa yana kwance a kan katifa, ƙafafunsa sun kumbura, dariya na neman shaƙe shi.

"Munawwara 'yar boko! Guda nawa kika yanke?"

"Arba'in, Baba. Na ga duk ɗaurin takardun da tsumma aka ɗaure su, na ce bari in sa igiya mai kyau in jera su da tsari."

"Kulu, zo ki ga tarihin ƙasa a buhun taki!" ya ƙwala wa matarsa kira.

Abin da ya kai ni ɗakin ajiyar shi ne Wonder, 'yar gidan da ke jikin katangarmu. Ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, an ce ta kai takardar shaidar zama 'yar gari kafin Juma'a. Kakanta Zakka, kafinta ne Kirista da ya zo daga kudu tun zamanin En'e, hakimi ya ba shi fili, aka rubuta shi a cikin mutanen gari. A ofis sun ce a nuna musu wannan rubutun su sa hannu. To ɗauri ya fi ɗari uku a ɗakin, ba ko ɗaya mai suna a bayansa, takardun kuma sun manne da juna, ɗauri guda sai ya ci maka wuni.

Baba ya zaro tsumma ɗaya daga buhun ya ɗaga shi sama. Ya ce da can yana liƙa takarda mai shekara a bayan kowane ɗauri, gara ta mai da ita abinci. Sai ya koma yagar bakin tsohon zanen matarsa. Zanen da ta ɗaura a shekara, shi ne alamar takardun wannan shekarar, daga na ƙauyen Kangire har na Zandam.

Inna Kulu ta saki baki. "Malam! Ashe kai ne? Shekara talatin da biyar ina zagin ɓera!"

"Ai ɓeran yana ji."

Wonder, da ke durƙushe tana yi masa fifita, ta kife da dariya. Ni na kasa, na tambaye shi ko na kakanta yana cikin waɗanda na yanke.

"Kantar bakin ƙofa kika taɓa? Waɗannan na baya-bayan nan ne. Na kafinta yana can ƙurya. Shuɗi ne mai hoton makulli."

"Kore ne mai fanka," in ji Inna. "Ina da cikin Iliyasu ya zo ya kafa mana ƙofar nan."

"Ƙofa daban, zuwansa daban. Shuɗi."

"Ni na ɗaura zanen ko kai?"

"Ke kika ɗaura, ni na kalla."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki. "Ka ji tsoho, a gaban yara."

Litinin muka wuni a ƙurya ni da Wonder muna sauke ɗauri, ƙura har cikin haƙora. Na bi maganar Inna, don a ganina mai zane ta fi sanin zanenta. Kore mai fanka ya fito wajen la'asar. Muka ɓare shafukansa ɗaya bayan ɗaya da bakin cokali, muka ga sunayen Fulanin da suka sauka a Unguwar Ya, da wani direba Bayarabe, da maƙera biyu daga Gwaram. Babu Zakka. Wonder ta zauna a ƙasa.

Da muka koma, Baba ya sha kunu cokali uku. Ya dubi fuskarta ya ce, "Jikar kafinta, daina ɓata rai. Ranar da aka rubuta kakanki ni na riƙe masa keke. Da ya dangwala yatsa sai ya goge tawadar a rigata. Ku nemo shuɗi."

"Kore," in ji Inna daga tsakar gida, amma a hankali.

Talata da hantsi ya ce a buɗe taga yana son jin hayaniyar masu kai gyaɗa kasuwa. Inna ta buɗe, ta je ɗauko masa ruwa. Kafin ta dawo ya cika, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kunci kamar mai sauraron rediyo. Bayan azahar aka kai shi. Mutanen cocin su Wonder suka zo suka zauna a tabarmar gaisuwa, mahaifiyarta Edith kuwa ita ta riƙe murhu har kwana uku.

Alhamis muka samu shuɗi mai makulli a can ƙasan kanta, ganyen darbejiya busasshe a tsakanin shafukansa. A shafi na sittin da biyu ga shi da jar tawada: Zakka kafinta, an ba shi fili gabas da rijiya, ya zama ɗan gari, 1974. Ga tambarin hakimi, ga dangwalen yatsa ya ɗan goge a gefe. Juma'a da safe aka sa wa takardar Wonder hannu.

Muka kai wa Inna hoton a waya, tana ɗakin takaba. Ta daɗe tana kallon tsumman, ba rubutun ba.

"Shuɗi ne," ta ce. "Shekara hamsin da takwas muna musu, sau ɗaya ya yi gaskiya, kuma ya gudu kafin in faɗa masa." Ta yi dariya, ta share ido da gefen hijabi. "Miƙo buhun nan."

Yanzu kullum da hantsi tana zaune a kan tabarma, tana shimfiɗa tsummokaran a cinyarta tana gyara musu baki da yatsa. Wannan na shekarar da aka kawo wutar lantarki ne, wancan na auren ƙanwarta. Idan ta yi kuskure, ba ya wuce shekara guda. Na rubuta shekarar ɗauri tamanin da ɗaya. Saura fiye da ɗari biyu, idonta na dama kuma ya fara yin hazo, ni kaɗai ba zan gama ba.

A cikin ɗaurin nan akwai shafin da aka rubuta kakanka, ko daga ina ya taho. Ranar Asabar ƙarfe tara za a buɗe mana ɗakin. Ka zo da biro da waya mai caji, ka ɗauki hoton ɗauri goma ka kai wa Inna Kulu ta faɗa maka shekarunsu. Gidan mai ƙofar katako ne, bayan injin niƙa. Ka yi sallama da ƙarfi.