Dogon Gidan Bappa

Bappa bai taɓa kiran ɗansa na fari da suna ba. Haka ya tarar a gidansu na Gammo. Ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an san da shi a gaban mutane. Shi ma ubansa bai kira sunansa ba har ya koma ga Allah, kuma bai ga abin da ya ragu a jikinsa ba. Sunan yaron Hadi, amma a bakin Bappa "kai" ne in yana kusa, "wancan" in ya yi nisa. Uwarsa Furera takan ce "Dogo", don tun yana tatata ya kere sa'o'insa.

Yana firamare ya dawo gida da sabuwar fitina. Ya ɗauki kwandon tumatirin Furera, ya yanke gindin, ya ɗaure a tsamiyar ƙofar gida. Ya dunƙule tsummokara ya hau jifa. Bappa ya dawo daga kiwo ya tarar da shi.

"Kai, mene ne wannan?"

"Ƙwallon kwando, Baba. In ta shiga ka ci."

"Ka ci me? Ga ta nan a ƙasa."

"Ai haka ake yi."

"Kwando babu gindi. Wanda ya ƙago wannan bai taɓa noma ba."

Furera ta kawo ƙarar kwandonta. Bappa ya ce shi ba ya shiga shirgin yara. Washegari ta ga sabo a bakin ɗakinta. Tsohon yana nan a tsamiya, an sake masa ɗauri da igiya mai kauri, irin ƙullin da ake yi wa maraƙi. Ba ta tambaya ba.

Da Hadi ya shiga sakandare a Kabo, malamin motsa jiki, wanda yara ke kira Koci, ya sa shi a ƙungiyar makaranta. Bappa ya ce ba ruwansa. Sai dai tun daga lokacin sarƙar kekensa ta kamu da wata cuta. Duk yammacin da ake wasa, yana zuwa daidai filin sai ta zube.

Mahbub mai faci, wanda rumfarsa ke kallon filin, shi ya fara lura.

"Bappa, ta sake zubewa?"

"Ta zube."

"Ikon Allah. Duk ramukan hanyar Gude ba sa zubar da ita, sai nan da ke shimfiɗe. Kawo in duba."

"Bar ta. Na san halinta."

Sai Bappa ya tsuguna, hannu a sarƙa, ido ta tsakanin wayoyin taya. A nan ya ga yaron ya girma. Ya gan shi yana share hawaye ranar da aka bar shi a benci. Ya ga wandonsa yana ɗagewa duk shekara, ya ji muryarsa ta fashe, ya ga gashin baki ya tsiro. Ba wanda ya koya masa dokar wasan, amma ya kai ga yana tsaki kafin alƙali ya busa usur. Rannan wani ƙato ya daki bakin Hadi da gwiwar hannu, jini ya fito. Bappa ya miƙe har ya kai bakin shinge. Can ya tuna kansa, ya juyo ya tambayi Mahbub ko ya ga wata baƙar akuya ta wuce.

In Hadi ya dawo gida ya durƙusa ya gaida shi, ko sun ci ko an ci su, tambayar Bappa ɗaya ce: "An ba shanu ruwa?"

A shekararsa ta ƙarshe aka shirya gasa a Gwarzo. Furera ce ta kawo maganar, tana tankaɗe, ba ta ɗago kai ba.

"Wai su Dogo za su Gwarzo ran Asabar. Wai wani zai zo daga Kano ya zaɓi yara, a sa su a babbar ƙungiya, a ɗauki nauyin karatunsu."

"Ni ma ina da zuwa Gwarzo. Kanwar shanu ta ƙare."

"Akwai rabin buhu a zaure."

"Wannan ba ta da kyau."

Ya je, ya sayi kanwar, ya ajiye buhun a gindin darbejiya nesa kaɗan da fili, ya zauna a kai kamar mai jiran mota. 'Yan Gwarzo suka ci da ƙyar. Amma Hadi ya yi wasan da har 'yan garin suka tafa masa.

Mutumin Kano, Malam Muhsin, ya jawo Koci da Hadi inuwa. Ba su tsaya ko'ina ba sai bayan darbejiyar nan. Bappa ya ja rawani ya juya ƙeya.

"Ina son yaron nan," in ji Malam Muhsin. "Gurbi ɗaya ya rage min, kuma yau zan cike shi. Amma ba na ɗaukar yaro sai na ji daga bakin ubansa, an sha ba ni kunya. In babu hali, ga wani ɗan Gwarzo can, babansa na tsaye tun safe."

Koci ya ce, "Mahaifinsa ba ya riƙe waya, kuma Gammo ba nan kusa ba ce."

Hadi ya sunkuyar da kai. "Ko an je ma, Malam, Baba bai san wasan ba. Bai taɓa kallo ba."

Wannan ce ta tayar da Bappa. Ya zagayo ya yi sallama. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali da mutanen Kano. Hadi ya daskare. Koci bai taɓa ganin fuskar Bappa kusa ba, bai gane shi ba.

"Baba, daga ina?" in ji Malam Muhsin.

"Garinmu ɗaya da wancan."

"To madalla. Ya kake ganin yaron?"

Mutane sun fara taruwa, har da Mahbub, wanda ya biyo motar 'yan kallo. A gaban jama'a, amsa ɗaya Bappa ya sani.

"Wancan? Tsawo ne kawai. Hagunsa ba ta aiki, in aka tare masa dama ya zama tunkuza. In ya gaji jifansa ba ya kaiwa. Bara da 'yan Gude suka zo, shi ya zubar da ta ƙarshe. Ga fushi, a taɓa shi kaɗan ya manta da abokan wasa."

Hadi ya ɗago ya zuba masa ido, baki buɗe.

Bappa ya gyara tsayuwa, ya gama nasa. Duk mai tarbiyya ya san in dattijo ya kushe yaro haka, nasa ne, kuma yana ji da shi. Amma Malam Muhsin ya girgiza kai.

"Na gode, Baba, da ka gaya min tun da wuri. Mutumin gari ya fi ni saninsa." Ya juya yana yafito ɗan Gwarzo.

Bappa ya kama hannun rigarsa.

"Malam, tsaya." Ya yi ƙasa da murya. "Na gidana ne."

"Na'am? Hayaniya ta yi yawa."

Bappa ya dubi jama'a. Ya dubi Mahbub, wanda ya riga ya toshe baki da hula. Ɗan Gwarzo da ubansa suna tahowa.

"Na ce ɗana ne. Na fari. Duk filin nan babu kamarsa. Ka ɗauke shi, na yarda."

Malam Muhsin ya ce, "Amma Baba, yanzu ka ce..."

"Na faɗa. Maganar hagun ce kawai gaskiya."

Malam Muhsin ya yi dariya har ya dafa kafaɗar Koci. Ya ce hagu mai sauƙi ce, za a gyara, a kawo yaron Kano bayan jarrabawa. Mahbub ya matso zai yi magana, Bappa ya ce masa in ya buɗe baki ya daina kai masa faci har abada.

Suka nufi tasha. Bappa a gaba, Hadi a baya da buhun kanwa a kafaɗa. Da suka yi nisa, Hadi ya kira shi.

"Baba."

"Mene ne?"

"Hagun nan, ya zan yi da ita?"

Bappa bai waiwayo ba. Ya ɗan rage sauri har inuwar yaron ta rufe shi.

"Daga gobe da ita za ka riƙa jan guga. Dama a aljihu."