Lafiya Lau, In Ji Guduma

"Ɗaga masa haɓa. A'a, ba haka ba, kamar za ki ba jariri magani," in ji Mai Ƙanƙara.

Mai Ɗinki ta sa tafin hannu ƙarƙashin haɓar Guduma ta ɗaga. Kan ya fi yadda take zato nauyi, wuyan kuwa ya koma kamar na kazar da ruwan sama ya daka. Mai Ƙanƙara ya tsamo cokali daga kofin ƙanƙara, ya ɗora bayansa ƙarƙashin idon dama, ya danna yana turawa gefe a hankali kamar mai guga. Kumburin ya ja baya kaɗan. Ya koma ɗaya idon, wanda ya daɗe da mutuwa, ya yi masa haka shi ma.

"Wannan ai ba ya gani," in ji Guduma. "Ɓarnar ƙanƙara kake yi."

"Shi ba ya gani, amma ana ganinsa. Rufe baki."

Ranar hutu ce, ranar da 'yar Guduma take kiran ubanta ta waya mai hoto daga garin da take aiki, can nesa. Guduma tsohon zakaran damben zamani ne, yanzu ɗaki ɗaya yake haya a gidan, bango ɗaya ya raba shi da Mai Ɗinki. Mai Ƙanƙara kuwa shi ne mutumin da ya tsaya a kusurwarsa tun damben farko har na ƙarshe. Aikinsa kenan a duniya: in an kaɗa ƙararrawa ɗan dambe ya zauna hutun tsakanin turmi, sai ya tsayar da jini, ya danne kumburi, ya gyara fuska, don kada likitan fili ya leƙo ya ce a tsayar da wasa. Fili ya ƙare, ƙodar Guduma ta gaza, shi kuwa hannunsa bai manta ba.

Ya shafa basilin kaɗan a kumatu don su yi sheƙi. Ya sa Guduma ya kurkure baki ya tofar a bokiti. Suka saka masa farar riga, wadda Mai Ɗinki ta rage wa wuya da kafaɗa makon jiya, suka jingina shi da bango inda hasken taga zai bugi gefen da ya fi kyau. Ƙafafun da suka kumbura kamar turame aka lulluɓe su da bargo, waya ba ta kaiwa can.

Wayar ta yi ƙara.

"Uwata!" Muryar ta fito cikakkiya, har Mai Ɗinki ta waiga ta ga ko wani ne ya shigo.

"Baba, ya jiki?"

"Lafiya lau. Jiya ma sai da na zaga unguwa. Tambayi kawunki."

"Da ƙyar na kamo shi," in ji Mai Ƙanƙara daga bayan waya, ko kunya babu.

"Har ka yi kumatu, Baba. Gwaggo ce ke ɗura maka abinci ko?"

"Wannan? Rowarta ta fi ɗinkinta kyau."

'Yar ta yi dariya. Ta ce tunda ya samu sauƙi haka, za ta bar hutunta sai ƙarshen shekara, ta zo da yara gaba ɗaya. Guduma ya ce haka ya fi, kada ta ɓata wa shugabanninta na wurin aiki rai. Ya ɗaga mata dunƙulen hannu, ta ɗaga masa nata, hoton ya ɗauke.

Murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa bayan babu mai kallo. Daga nan ya zame ta gefe. Mai Ƙanƙara ya riga ya tura bokiti da ƙafa.

"Ka ci wannan turmin," ya ce masa yana goge masa baki.

Mai Ɗinki ce ta fita da bokitin.

A bakin layi, inda maza ke zama kan benci gaban shagon aski, labarin Guduma ɗaya ne, kuma kullum sabo. Yadda ya haye teku ya je ya samu mai kambu a gidansa. Yadda idonsa na hagu ya rufe ruf tun tsakiyar wasa, likita ya hau ya duba, Mai Ƙanƙara ya riga ya buɗe idon da ƙarfe mai sanyi, Guduma ya ce yana ganin har ƙudan da ke kan hular likita. Aka bar shi ya ci gaba, ya kayar da mutumin, ya dawo da kambu. Ya kare shi sau da dama kafin wani yaro mai dogon hannu ya ƙwace. Sai mai ba da labarin ya buga cinya ya ce, namiji kenan, bai taɓa cewa wayyo ba.

Mai Ɗinki ta san ragowar labarin, domin marigayiya matar Guduma a ɗakinta take zuwa ta zauna. Idon bai sake gani ba. Guduma ya yi makonni yana fitsarin jini bayan wannan kambun, kofi ma sai an riƙe masa. Gaskiya ne bai ce wayyo ba. Akwai dai wadda take wanke zanin gado da asuba kafin maƙwabta su tashi, ita ba a kan benci ake ba da nata labarin ba.

Ta tarar da Mai Ƙanƙara a bakin famfon tsakar gida yana ɗauraye cokalinsa.

"Da kuka je asibiti, me likita ya ce?"

"Ya ce a kai shi gida ya huta."

"Ka san abin da ake nufi in an ce haka."

"Na fi ki sani."

"To yarinyar fa? Ƙarshen shekara, kana ji da kunnenka."

Ya yarfe cokalin ya sa a aljihu. Tsoho ne ramamme, yatsunsa duk sun karkace. "Shi ya ce kada a faɗa. Ni ban taɓa tsayar masa da wasa ba, Hajiya. Ko sau ɗaya. Aikina in kai shi ƙararrawa ta gaba."

"In ya kai ƙarshe, wa zai ɗaura masa kambu?"

"Ke ba ki san harkar ba."

"Na san bokiti."

Ya ɗauki kofinsa ya fita, yana jan ƙafa.

Ta kwana tana juyi. Ba 'yarta ba ce, ba mijinta ba ne, kuma an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ta daɗe a duniya, ta ga masu ɗakin da suka kwana cikin ruwa suna rantsuwa rufin lafiya yake. Da gari ya waye ta zauna gaban kekenta, ta ture ɗinkin wata amarya gefe, ta kira lambar 'yar Guduma.

"Gwaggo? Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Ki taho."

"Jiya fa na gan shi. Har ƙiba ya yi."

"Kumburi ne. Da cokali ake danne shi kafin ki kira."

"Rigarsa ta zauna masa daidai, Gwaggo, na lura."

"Ni na rage ta."

Mai Ɗinki na jin ƙarar injuna a can bayan yarinyar.

"A wurin aiki sun ce duk wanda ya tafi a wannan watan kada ya dawo," in ji 'yar a hankali.

"Wannan kuma ke da su. Ni dai na faɗa miki abin da idona ya gani. Ƙarshen shekara sai dai ki zo ki gaishe ni."

Ba ta bari wani ya kai wa Guduma labari ba, da kanta ta shiga. Ɗakin na warin magani da fitsari. Kambun na rataye a ƙusa, fatarsa ta tsattsage, ƙarfen ya yi kore a gefe. Guduma na kwance rigingine, fuskar yau ba a gyara ba.

"Na kira ta. Tana hanya."

Idon mai gani ya juyo kanta ya tsaya.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Da ina da hannu ɗaya mai aiki..."

"Da ka same ni a nan. Ba inda za ni, gwiwata ba ta gudu."

Ya yi wani abu kamar dariya, tari ya karɓe. Ta ba shi ruwa a murfin kwalba. Ya daɗe yana numfashi kafin ya sake magana, kuma silin yake kallo.

"Tana ƙarama, ba ta kai tsawon teburin can ba. Na dawo daga wani wasa kai tsaye, ban tsaya ko'ina ba, ina murna na ci. Na shigo na buɗe hannu. Ta kalle ni ta kwarma ihu ta shige ƙarƙashin gado. Uwarta ta yi ta lallashi, ta ce ba babanta ba ne wannan. Kwana da kwanaki in na shigo sai ta ɓoye." Ya lashi leɓe. "Tun daga ranar, in na yi wasa gidan Mai Ƙanƙara nake sauka, sai fuska ta dawo. Ba ta sake ganina haka ba. Ke kuma rana ɗaya..."

"Yarinyar da kake magana tana da furfura a goshi, Guduma. Ta haihu, ta binne uwarta."

"A wurina ba ta wuce teburin ba."

"To ai shi ne ciwon," in ji Mai Ɗinki. Ta gyara masa bargo ta fita.

Tafiyar kwana ce da yini. Ranar da za ta iso, Mai Ƙanƙara ya zo tun da safe da ƙanƙara cike da roba, bai ko gaishe da Mai Ɗinki ba. Ya danna cokali, ya tura, ya ɗaga. Kumburin ya dawo kafin ya kai hannu ga kofi. Ya sake. Ya canza cokali. Wurin da ya danna sai ya lotsa ya tsaya a lotse, kamar ƙullun da aka sa wa yatsa.

"Zaunar da ni," in ji Guduma.

Suka kama shi su biyu, tsoho da tsohuwa, suka jingina shi da bango. Ya zame. Suka sake, da filo a kowane gefe. Kan ya faɗo kan ƙirji.

"Ɗaga masa haɓa," in ji Mai Ƙanƙara.

"Ba zan ɗaga ba."

"Hajiya."

"Kwantar da shi. Ka yi iyakar naka, kowa shaida ne."

Ya tsaya da cokali a hannu, ruwa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya dubi Guduma yana jiran umarni, umarni bai zo ba. Suka kwantar da shi.

Rana ta take lokacin da suka ji tayar akwati na gurzar simintin tsakar gida. 'Yar ta ɗaga labule ta tsaya a bakin ƙofa, mace mai jiki, gyale ya zame kan kafaɗa, idanu jajur saboda rashin barci. Ta dubi gadon. Mai Ɗinki na kallon fuskarta, ta ga leɓen ya motsa sau ɗaya ya tsaya.

Guduma ya ji ta. Hannayensa suka taso daga kan bargo, a dunƙule, har suka kai kusa da ƙirji, yadda ɗan dambe ke nuna wa alƙalin wasa cewa zai iya ci gaba.

"Lafiya lau, Uwata."

"Na gani, Baba."

Ta saki akwatin ta tako. Ta zauna a ƙasa gefen gado, ta kama dunƙulallun hannayen ta sauke su ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe yatsun. Ta sa hannu ta shafa kumburin da ke ƙarƙashin mataccen idon, ta shafa tabon gira, da karyayyen hancin.

"Kai da Kawu kun iya ƙarya."

"Sana'a ce," in ji shi.

"Da zafi?"

Mai Ƙanƙara ya buɗe baki zai amsa a madadinsa, Mai Ɗinki ta taka masa ƙafa.

"Da zafi," in ji Guduma. "Nan. Da nan. Ya daɗe."

"To. Ina nan."

Mai Ƙanƙara ya fita tsakar gida ya zauna kan bulo, ya juya wa ƙofar baya. Mai Ɗinki ta koma ɗakinta, amma ba ta taɓa keke ba, don kada ƙararsa ta dame su. Tana jin muryoyinsu ƙasa-ƙasa, tata ta fi yawa. Ta ji ana lissafa sunayen jikoki, da wanda ya yi ƙiriniya a makaranta, da wanda aka ce ya ɗebo kafaɗar kakansa. Sau ɗaya ta ji dariya. Daga baya ba ta ji komai ba.

Da inuwa ta cinye rabin tsakar gida ta ɗora ruwan zafi ta haɗa shayi, ta ɗauka ta shiga.

Guduma ya riga ya tafi. Bakinsa a ɗan buɗe, idon a lumshe, fuskar ta saki kamar ta wanda aka sauke wa kaya. 'Yar kuwa barci ya sace ta a zaune, kumatunta a kan katifa, hannunsa a cikin nata. Ba ta sani ba tukuna.

Mai Ɗinki ta ajiye kofin a kan tebur ba tare da ƙara ba. Ta yi abin da ake yi wa mamaci a fuska, da yatsu biyu, ta karanta abin da ake karantawa a cikin zuciyarta. Akwai waɗanda za a kira, akwai maza a bakin layi da za su cika gidan da labarin kambu kafin rana ta faɗi. Ta ga ba abin da zai lalace in sun ɗan jira.

Yarinyar ko takalmi ba ta cire ba. Ƙafafun sun kumbura saboda zaman mota, maɗaurin ya nutse cikin fata. Mai Ɗinki ta dafa gado ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta kwance maɗaurin a hankali, ta zare na dama, ta zare na hagu, ta jera su a bakin ƙofa.