Na Baya Ba Su Ji Ba

Da aka turo shi a keken marasa lafiya, likitar gashin ƙashi ta gane shi tun kafin ta duba katinsa. Malaminsu na Turanci ne a aji uku. Ɓarin jikinsa ya shanye, hannun dama ya koma kamar tsumma, baki ya karkace. Wallahi daɗi ta ji, kuma ko kunyar hakan ba ta ji ba.

Shekara talatin ke nan, amma ba ta manta ranar da ya zo koya musu kalmar "herself" ba. Ya cika allo da tarihi, wai kalmomi biyu ne Turawan dā suka haɗa, ana kawo ta idan aikin mutum ya dawo kansa. Sai ya ce bari a ga misali. Ya fito da ita gaban aji, don ita ce ta ƙarshe a gwaji, ya ce ta mari kanta. Ta yi. Ya ce da ƙarfi, na baya ba su ji ba. Sau bakwai, 'yan aji suna rera "She slapped herself" suna shewa. Har ta bar makarantar Mari-kanki ake kiranta.

Ba ta cuce shi ba, ina! Aikinta ta yi, sai dai babu sassauci. Ɗiyarsa ta ɗauko cokali za ta ba shi abinci, likitar ta ce a'a, shi da kansa. Maɓallin riga ma shi da kansa. Ya yi gumi, ya yi hawaye, ita tana tsaye hannu a aljihu, jira kawai take ya tuna ta. Bawan Allahn nan kuwa sai "'yata" yake ce mata yana sa mata albarka, abin da ya fi komai ƙona mata rai.

Wata huɗu hannun yana rarrafe, daga ƙirji zuwa wuya, daga wuya zuwa haɓa. Wata Laraba ta zaunar da shi gaban madubin ɗakin motsa jiki, marasa lafiya shida a benci a bayansa, ta ce yau kunci za a taɓa. Hannun ya tashi da ƙyar, ya faɗa a kuncinsa da 'yar ƙara. Ɗiyarsa ta fara tafi.

Ita kuwa ta sunkuya daidai kunnensa. "Da ƙarfi, Malam. Na baya ba su ji ba."

Ya daɗe yana kallonta ta cikin madubi, albarkar da ya ɗauko ta maƙale a bakinsa. Sannan ya ɗaga hannun nan da ta gyara masa, ya sake marin kansa.