Azumin Shirley

"Ki bar mini Shirley," na ce wa Dakta Bronwyn. "Ga ɓeraye nan cike da ɗaki."

Ta kwashe da dariya. "Haba Keith, tsofai-tsofai da kai ka kamu da son ɓera? To ji nan. Ka yi azumin tare da su, daga yanzu har gobe war haka, ruwa kawai. In ka iya, taka ce."

Muka tafa.

Ni ke kula da dabbobin gwaji a jami'ar nan ta Adelaide. Aikin Dakta shi ne ta hana ɓeraye masu ciki abinci kwana guda, ta auna sukarin jininsu, sannan ta farke su ta ga yadda yunwa ta taɓa 'ya'yan. Shirley kuwa tana cikinsu, ga shi a kafaɗata ta girma.

Kashegari Juma'a, ranar shayin safe na ma'aikata. Aka jera kek mai kwakwa da tsiran alade a fulawa. Dakta ta tako har gabana tana tauna.

"Kawu, ko ɗan lasa? Ba wanda zai sani."

"Allah ya shirye ki, yarinya."

Kafin azahar kaina ya zama auduga. Na gaishe da firji. Na tsaya gaban keji ina rera wa Shirley waƙa, ina dariya ba dalili, ita kuwa tana kwance shame-shame tana gyaran gashin baki, ko a jikinta.

Da lokaci ya cika Dakta ta tsaga jelar ɓera ta farko ta auna. Ta ɓata rai. Ta auna ta biyu, ta uku, har Shirley.

"Sukarinsu bai sauka ba! Keith, ka ba su wani abu?"

"Ni da ko yawuna na ƙi haɗiyewa?"

Ta ɗebo shimfiɗar kejin ta duba. Sabuwar da aka kawo mana ce, ta niƙaƙƙiyar totuwar masara. Sun cinye rabinta. Dakta ta zauna daɓas a ƙasa, muka yi ta dariya har da hawaye. Ɓeran da bai yi azumi ba ba shi da amfani a gwajinta, sai ta yafe su duka.

Shirley ta haihu a gidana, 'ya'ya jajir kamar 'yan yatsu. Ɓeraye sun ci riba, sun ƙoshi sun tsira. Dakta ta yi asarar aikin wata guda. Ni kuwa, duk ginin nan ni kaɗai na yi azumi, kuma ko ɓurɓushin kek ba a rage mini ba.