Zoɓon da Ya Ƙi Huci

Gora arba'in da takwas aka dawo wa Bahijja Umar da su ranar Litinin, babu ko ɗaya da ta yi huci da aka buɗe ta. Alhaji Ɗalha, mai shagon lemo a Jakara, shi ya kawo su da kansa har gidansu a Kabara, ya jere su a zaure.

"Kin ce min zoɓo mai gas kamar lemon kwalba," in ji shi. "Wannan ko kunun tsamiya ya fi shi kuzari. Zuwa Juma'a, in bai yi tsss ba, gurbinki a firjina na mai kunun aya ne."

Shagonsa kaɗai ne ya yarda ya karɓi kayanta. Don haka tun kafin ya kai bakin titi ta fara bincike. Ta ɗora tukunyar gas ɗin da take busa wa zoɓon a sikeli, ta tarar da sauran fiye da rabi. Ta shafa ruwan sabulu a tiyo, bai yi kumfa ba. Ta san zoɓo mai ɗumi ba ya riƙe gas, sai ta sayo ƙanƙara ta sanyaya shi har haƙori ya ƙi ɗauka. Ta ɗura sababbin gorunan roba, suka yi tauri kamar dutse. Washegari duk sun yi laushi.

Ranar Talata ta sake ɗurawa. Wannan karon ta ja layi da jan alƙalamin maka daga kowane murfi zuwa wuyan gora, ta bar su a ɗakin ajiya. Da safe layukan duk sun goce.

Makullin ɗakin biyu ne. Ɗaya na hannunta, ɗaya na ɗaure a bakin zanen kakarta, Inna Kulu.

"Inna, ke kike buɗe min goruna?"

Tsohuwar ba ta ajiye carbinta ba. "Ni ce. Kullum bayan Asuba. In shanshana, in rufe. Ko ɗigo ban zubar miki ba."

"Ai gas ɗin kike zubarwa! Shi nake sayarwa."

"To, 'yar boko, mai sayar da iska. Shekarata saba'in da huɗu. Abin da na sani, duk abin sha da ya kwana ya tashi yana kumfa, ya juya. Giya ba za ta fita daga gidan kakanki Malam Jibril ba ina raye."

Bahijja ba ta yi musu ba. Ta kawo kujera tsakar gida, ta zaunar da ita, ta dafa zoɓo da citta da kanumfari a gabanta. Ta tace, ta sanyaya, ta miƙa mata ta ɗanɗana. Sannan ta zuba a gora, ta haɗa tiyo ta buɗe gas, kumfa ya taso nan take.

"Kin gani? Ba kwana ya kawo shi ba, ni na sa shi."

Inna Kulu ta daɗe tana kallon gorar. "Na yau na gani. Na jibi fa?"

Aka yi yarjejeniya. Bahijja ta sake ɗura gora arba'in da takwas, ta ja musu sabon layi. A cikinsu tsohuwar za ta zaɓi guda da hannunta, ta ajiye a ɗakinta. Sauran ba za ta taɓa ba. Ranar Juma'a da hantsi za ta buɗe tata. In ta ji tsami, ba abin da zai ƙetare zaure.

"Makullin fa?" in ji Bahijja.

"Yana nan inda yake."

Zuwa yammacin Alhamis, layukan ja suna daidai, gorunan da tauri. Alhaji Ɗalha ya aiko cewa zai zo gobe bayan an sauko daga masallaci. Gorar Inna Kulu tana ƙarƙashin gadonta, a ɗakin da babu fanka, ba a buɗe ta ba tukuna.