Monita a Hannun Dama

"Ƙara min," in ji tsohon mawaƙin daga kan dandamali, yana nuna monita, ƙaramar lasifikar da ke gaban ƙafarsa wadda yake jin muryarsa da ita.

Injiniya ta ɗan tura feda sama, wato maɓallin ƙara sauti. Abokan aiki ne suka laƙaba mata sunan don tsokana saboda karatunta, ita kuwa ta riƙe abinta. Fitilun miksa, na'urar haɗa sauti, sun haye rawaya suna leƙen ja. Kaɗan ya rage makirufo ya kwashi ƙarar monita, zauren ya ɗauki kukan nan mai tsaga kunne. Tun da safe Oga ya gaya mata: in aka samu matsala yau, gobe ta koma naɗe waya.

"Ƙara mana, 'yata. Ko miksar taki ba ta karya kumallo ba ne?"

Makaɗa suka yi dariya. Ta kalli ƙofa. Jama'a sun fara taruwa a waje, mai gadi sai leƙowa yake yi.

Sai ta yi abin da masu haɗa sauti ke yi in mawaƙi ya matsa: ta kama fedar da ba a jona komai a kanta ba, ta tura ta sama da fuskar aiki. Yawancin mawaƙa sai su gyaɗa kai su ce yanzu ya yi. Wannan bai gyaɗa ba. Ya rera baiti ɗaya, ya tsaya, ya karkata wuya yana miƙa wa monitar kunnensa na dama. Monitar kuwa a hagunsa aka ajiye ta.

Injiniya ta ratsa kujeru da sauri ta hau dandamali. Ta tsaya ta hagunsa ta ce a hankali, "Baba, a kawo maka ruwa?"

Ko motsi bai yi ba.

Ta sunkuya ta rungumi monitar, ta ja ta zuwa dama, waya na binta tana ratsa tsakiyar dandamali. Ya dube ta, ya kawar da makirufo daga bakinsa.

"Ko yaran nan ba su sani ba," ya ce, yana satar kallon makaɗa. "In maganar kunnen nan ta fita, an daina kirana."

"Ban ji komai ba, Baba."

Tana komawa ta tarar da Oga tsaye a kan miksa, hannu a ƙugu.

"Wa ya ce ki taɓa min tsari? Dubi waya a fili kamar igiyar shanya. Masu hoto za su ɗauki wannan?"

"Can ta fi zama."

"Saboda me?"

Daga dandamali tsohon yana kallon bakinta. Ta ji amsar ta zo mata har kan harshe, amsar da za ta wanke ta tas. Ta haɗiye.

"Haka na ga ya dace."

"Kin ga ya dace. To, da karatun naki da komai, gobe waya."

Aka buɗe ƙofa, mutane suka fara shigowa suna jan kujeru. Ta zauna, ta sauke fedar monita har fitilu suka koma kore, ta ɗora yatsu a kan sauran.

"Wannan gobe ne, Oga. Yanzu dai matsa min, kana tare min dandamali."