Makon da Wake Ya Ƙi Faɗuwa

Shekara uku Batula tana zarya tsakanin kasuwar Tambuwal da ta Kebbe, tana bin farashin wake don binciken digirinta na uku. Daga ƙarshe ta gano wani abu: mako biyu bayan girbi farashi kan faɗi warwas, kuma duk wanda ya saya a lokacin ya ajiye wata huɗu, sai ya ci riba mai tsoka.

Murna ta hana ta riƙe baki. Ta raɗa wa ƙanwar babanta, Gwaggo Tambaya, mai awon hatsi a Kebbe.

"Amma tsakaninmu, Gwaggo."

"Haba ɗiyata! Ni da wa?"

Da kaka ta zagayo, Batula ta ɗauko mai duba aikinta, Farfesa Mu'awiya, tun daga Sakkwato don ya gani da idonsa. Suna sauka Kebbe ta ga abin da ba ta zata ba. Kasuwa ta cika maƙil da masu saye, har daga Fakku, kowa da buhunan da babu komai ciki ɗaure a bayan babur. Manoma kuwa labari ya riske su, sun ƙi fito da wake. Ɗan abin da aka kawo, kafin azahar ya yi tashin gwauron zabi.

"Ranka ya daɗe, aikina ya rushe," in ji Batula.

Farfesa ya ƙyalƙyale da dariya har hularsa ta zame.

"Ya rushe? Masana sun daɗe suna cewa dabarar kasuwa takan mutu ranar da kowa ya san ta. Ke ga shi ta mutu a gabanki, kin san ranar, kin san bakin da ya kashe ta. Wannan ai babi ne guda a bincikenki!"

Batula ta daka tsalle. Ta rungume wata mai fura da ba ta taɓa gani ba, ta rangaɗa guɗa, mayafi na zamewa.

Sai ga Gwaggo, rungume da buhunanta, rai a ɓace.

"Mi aka ma dariya? Ko tiya guda ban samu ba!"

Batula ta zaro biro. "Gwaggo, don Allah, wa da wa kinka gaya ma?"

"Wallahi mutum guda! Anisa. To, sai Na'iya mai babur..."

Kafin la'asar sunayen sun kai talatin da ɗaya, Gwaggo kuma tana ta tunowa.